Fuskar Sojan Gaba

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Littafin lambobin kwantena ne wannan, amma tunda rabinsa fari ne, bari ya ɗauki wani kayan. Likitan da ya auna ni watan jiya ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in rage tunani. Gishirin dai na rage.

Shekara goma sha shida ina Guangzhou ina saya wa mutane kaya. Tayil, injin markaɗe, kujerun biki, takalman yara, babu abin da ban loda ba. Zanen fenti ne kawai ban taɓa saya ba sai yanzu da furfura. Kanar Alhasan ne ya jawo min, wanda ya ajiye kaki ya gina otal a Kaduna. Gadajen otal ɗin da labulayensa duk ta hannuna suka bi. Yanzu kuma zane yake so guda goma sha biyu, iri ɗaya, na fenti da hannu, a rataya a kowane lungu. Wai ya gan shi a wani gidan ajiye zane a ƙasar Holan, shekara talatin da suka wuce, lokacin da aka tura su kwas, kuma har yau bai fita daga ransa ba.

Na kalli hoton da ya turo har idona ya yi ruwa. Wani titi ne bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasa tana ƙyalli. Sojoji bakwai suna tafe a tsakiya cikin shuɗiyar kwat, ɗaya da ganga. Mutanen gari sun ja gefe. Mata biyu masu farin ƙyalle a gaba sun tsaya da kwandunansu, wani tsoho yana tura amalanke, kare yana shinshina kwata. Sai wani mai baƙar kwat da hula da ya ba sojojin baya, yana kallon tagar wani shago kamar an aike shi. Na sa masa suna Mai Ƙeya. Duk zanen babu mai fuska sosai, kowa an dangwala masa fenti an wuce. An ce Baturen da ya yi shi ya fi shekara ɗari da mutuwa, to da alama ya mutu bai gama ba.

Na kai aikin wani ɗakin zane a unguwar Liwan, hawa na huɗu, babu lif. Gwiwata ta ƙirga matakalan.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ga yadda ake zane kamar ɗinkin hula. An jera ƙyallaye goma sha biyu a jikin bango, mutum huɗu suna bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko sararin sama da gidaje kawai yake yi, na biyu titi da ruwa, na uku jikin mutane. Mai wurin, Madam Lam, ita ke zuwa ƙarshe ta yi kawuna da hannuwa. Tsohuwa ce 'yar tsurut, tabarau biyu take sakawa, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Da waya muke magana, in faɗa ta juya mata, ta faɗa ta juya min.

Samfur ɗaya suka gama jiya, na tura wa Kanar. Da safe sai ga muryarsa, minti huɗu cur.

"Alhaji Shitu, wannan ai ba a gama ba! Fuska kamar an shafa tuwo a bango? Wanda na gani can yana da fuska, na rantse."

Na ce masa, ranka ya daɗe, hoton da ka turo da hannunka shi aka bi.

"To a gyara. Na gaban nan a yi masa fuska sosai, kuma baƙi, namu. Otal ɗin sojan Najeriya ne, ba na Bature ba."

Da wayar ta juya wa Madam Lam maganar, sai ta sauko da tabarau na biyu ta dube ni da duka biyun. Ta ce sojojin tafiya suke yi, wa yake ganin fuskar mai wucewa? Na ce ni ɗan aike ne. Ta ce to, Lawban, fuskar baƙin mutum *meyo*, babu ita a wurinta, sai in kawo samfur. Lawban shi ne maigida a bakinsu, kowa suna kiransa haka, har wanda ba shi da ko tabarma.

Ina sauri, baƙi uku na jirana a kasuwar Shahe. Na buɗe waya na gangara ƙasa, na gangara, na tura mata hoton da ya fara faɗo min a rai. Ta ce kyakkyawa ne, wane ne? Na ce wani yaro ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da hantsi

Ba wani yaro ba ne. Yaron nan ne, ɗan farina. Ban faɗi sunansa da bakina ba tun ranar suna, ba kuwa zan fara a littafin kwantena ba.

Hoton na ranar da suka gama horon soja ne, shekara biyu ke nan. Ya aske kai, hular ta ɗan karkace, ya daure fuska irin ta wanda yake ɓoye dariya. A ƙasa ya rubuta, "Baba, ga ni." Na buɗe a ranar. Ban ba da amsa ba.

Ni na gama masa takardun zuwa nan. Na kama masa ɗaki kusa da nawa, na gaya wa duk masu masana'antar da nake hulɗa da su cewa magajina na tafe. Shi kuma ashe ya cike takardar shiga soja a ɓoye. Na faɗa masa abin da na faɗa masa a tsakar gida, gaban uwarsa. Duk Sallah yana turo gaisuwa, ina buɗewa, ina rufewa. Mutane suna cewa kunyar ɗan fari ce, ni kuma na bar su a haka.

Yalwa, mutumin Maraɗi da muke raba falo da tukunya, ya ji labarin zanen ya yi ta dariya. "Alhaji, kai da ba ka rataya ko kalanda mai tsuntsu, yau kai ne dillalin gumaka? Mala'iku za su yi ƙaura daga otal ɗin nan." Na ce otal ɗin ma ban ji an ce sun taɓa kama ɗaki a ciki ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Maijidda ta kira. A Kano yanzu suka idar da asuba, kuma ɗiyata ba ta kira a wannan lokacin.

"Baba, Yaya bai kira Mama jiya ba."

Na ce sabis ne. Dajin da aka tura su ai ba kasuwar Kwari ba ce.

"Juma'a biyu ke nan, Baba. Bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Kuma matar wani da suke tare ta ce an ce wani abu ya faru a wurinsu."

Na ce an ce da an ce ba magana ba ce. Na ce ta kula da uwarta, kada ta bari mata su cika gidan da surutu. Na ajiye waya na ci gaba da ƙirga kwalayen fitila. Sau uku ina ƙirgawa, sau uku ina samun lamba dabam.

Ban san yana kiran uwarsa duk Juma'a ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Babu labari. Bango yana gumi, tawul ya ƙi bushewa tun shekaranjiya.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

An buɗe bajekolin Pazhou. Tun ƙarfe tara nake jan baƙi biyar daga wannan zaure zuwa wancan, kowa da jakar taya da buƙatarsa. Wannan yana son famfon sola, wancan yana son ya san ko naman nan halal ne, ɗayan ya ɓace wajen injinan ƙanƙara sai da muka neme shi awa guda. Ina fassara, ina murmushi, ina karɓar katin masana'anta. Duk minti goma hannuna na aljihu.

A jirgin ƙasa da muke dawowa akwai wani saurayi cikin kaki, jakarsa a tsakanin ƙafafunsa, yana barci a tsaye ya riƙe ƙarfe. Mutane sun bar masa ɗan fili, babu mai kallonsa. Wata tsohuwa da za ta sauka ta cusa masa lemo a aljihun jaka, bai ma sani ba. Na yi ta kallon wuyansa. Siriri ne ƙwarai, kwalar rigar ta yi masa yawa. Har na wuce tasharmu, baƙina suka ce Alhaji gajiya ce.

Gajiya ce mana.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Maijidda ta samo lambobi uku. Ɗaya ba ta shiga, ɗaya ba a ɗagawa, ta uku wani ya ɗaga ya ce a yi haƙuri, in akwai magana za a sanar da iyali ta hanyar da ta dace. Ta tambaye ni mece ce hanyar da ta dace. Na ce ban sani ba, ni ɗan kasuwa ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Madam Lam ta turo cewa in zo in duba. Na manta, wallahi na manta abin da na ba ta. Na hau matakalan nan ina tunanin firam, ko na katako ko na roba.

Na tura ƙofa na same shi sau goma sha biyu.

Ya jeru a bango daga ƙofa har taga, cikin shuɗiyar kwat ɗin Turawa mai maɓallan rawaya, yana tafe a kan jiƙaƙƙen titin da bai taɓa takawa ba. Tsohuwar nan muguwa ce a aikinta. Har tabon da ke gefen girarsa ta saka, wanda ya samu da ya faɗo daga katangar makwabta yana shekara shida. Har dariyar da yake ɓoyewa ta ɓoye masa ita. Sauran sojojin shida suna nan yadda suke, dangwale-dangwale, shi kaɗai ne mutum.

Sun kunna fanka uku da abin busar da gashi saboda danshi ya hana fenti bushewa. Na ce warin fentin ne ya hau min kai, aka ba ni kujera da ruwan zafi. Madam Lam ta miƙo waya, wayar ta ce, "Bai yi kyau ba?" Na ce ya yi. Ta dube ni, ta dubi bango, ta sake dubana. Ba ta ƙara tambaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi Mai Ƙeya ne. Sau goma sha biyu shi ma. Sojoji na wucewa a bayansa da ganga, mata sun tsaya, kare ma ya kusa ɗagowa, shi yana kallon taga. Me ake sayarwa a shagon nan? Na matsa kusa na duba, babu komai, fenti ne ruwan ƙasa kawai.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Ta uku. Na zauna da waya a hannu daga saukowa har yanzu, kamar ni ake kira ranar Juma'a.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Hindu ta kira da kanta. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Alhaji, ya jiki? Kana shan maganin?"

Na ce ina sha.

"Ba zan ce maka komai a kan abin da ya wuce ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka tura masa saƙo."

Na ce wayarsa a kashe take, me saƙo zai yi?

"Ko a kashe take ka tura. In ya kunna ya tarar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan bai ruɓe ba, aiki kawai ya zaɓa."

Na ce to. Ta ce, "To ɗin nan na san ta," ta ba Maijidda wayar.

Na rubuta sau biyar na goge. Na farko wa'azi ya zama. Na biyu ya zama lissafin abin da na yi masa tun yana ɗan mitsitsi. Ni da nake ciniki da mutanen da ba ma jin harshen juna har mu rabu kowa na murna, na kasa haɗa layi biyu zuwa ga wanda na yi wa huɗuba a kunne.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na tura. "Na ga hoton. Kakin ya yi maka kyau. Ka kira uwarka."

Alama ɗaya ta fito, mai ruwan toka. Yalwa ya ce ma'anarta saƙon ya bar nan amma bai isa can ba. Na ce na sani, ba yau na sayi waya ba. Ya ajiye min shayi ya fita.

Litinin, 21 ga Afrilu, azahar

Alama ɗaya.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na tura wa Kanar hoton aikin don ya daina damuna. Ya kira nan take yana murna.

"Yauwa! Wannan shi ne soja! Ka ga ido? Ka ga tsayuwa? Ina ka samo wannan yaron, Alhaji? Irinsu nake so a ƙarƙashina da."

Na ce a waya na tsince shi. Ya ce a saka firam mai ruwan zinariya, a yi sauri, gwamna ko wakilinsa zai buɗe otal ɗin bayan Babbar Sallah. Sau biyu bakina ya buɗe in tambaye shi ko yana da wanda ya sani a can, wanda zai ɗaga waya. Sai in fara da cewa ɗana soja ne. Shekara biyu ina saya masa gadaje ban taɓa gaya masa ba, to yau ta ina zan faro? Ya yi sallama ya ajiye.

Na kira shi bayan minti goma na faɗa masa rabi. Na ce ɗan wani ɗan'uwana ne, na ba shi suna a rubuce da inda aka tura su. Muryarsa ta canza, ya ce zai tambaya.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Alama ɗaya. Kashi na biyu na bajekoli, kayan kicin da na ado. Ƙafata ta kumbura, takalmin ya ƙi shiga sai da na taka bayansa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je Liwan ba tare da an kira ni ba. Na ce na zo duba ko fenti ya bushe. Madam Lam ta san fenti bai bushe ba, ni ma na sani. Ta ja min kujerar nan, ta ci gaba da aikinta, wasu furanni na wani otal ɗin. Na yi kusan awa ɗaya, amma ban kalle shi ba. Na kalli matan masu kwando, na kalli amalanke, na kalli kare. In idona ya zo kusa da shi sai ya zame.

Da zan tafi ta rubuta wani abu a waya ta nuna min. "Kunnenku iri ɗaya ne."

Na ce *sheshe*, na gode, na sauka. A hawa na biyu na zauna a kan matakala har wani mai ɗauke da buhun shinkafa ya ce in ba shi hanya.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Ta huɗu. Kanar bai kira ba, kuma Kanar mutum ne mai kira.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma

Alama biyu! Biyu! Ina tsaye a gaban wani mai tukwane na duba, na ga ta zama biyu. Na bar baƙina a wurin na fita waje. Na kira, tana shiga, ba a ɗaga ba. Na sake kira. Na kira Maijidda, ta fasa ihu, na ji Hindu a bayanta tana ta Alhamdu lillahi. Ko da ƙafa ɗaya ne, ko da hannu ɗaya ne, ya Allah. Na yi alkawarin abubuwa da yawa a bakin ƙofar zauren nan, ba zan rubuta su ba.

Asabar ɗin dai, ƙarfe shida

Sun koma shuɗi. An karanta. Ba a ba da amsa ba.

Yanzu na san yadda abin yake.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Lambarsa ta kira ni. Hoton nan ya cika fuskar wayar. Na gyara murya na ce, "Kai ne?"

"Baba, ina wuni. Ba shi ba ne. Sunana Ilu, tare muke da Munkaila tun daga horo."

Na rubuta sunan ne saboda shi ne ya faɗa.

Ya yi magana a hankali, yaro mai ladabi. Shi ma daga asibiti ya fito, ƙafarsa ce. Wayar tana cikin jakar da aka bari a bariki, shi ya sa mata caji jiya don ya nemi gida, ya san yadda ake buɗe ta saboda a ciki suke kallon ƙwallo. Ya ga saƙona tun jiya, ya kwana bai san yadda zai yi ba. Ya faɗi rana, uku ga wata. An yi musu sutura, an yi musu salla, shi bai samu halarta ba amma ya ga wurin. Sauran abin da ya faɗa ba na littafi ba ne.

Uku ga wata. Ranar da na miƙa wa tsohuwar nan hotonsa ina sauri, ya kwana shida a ƙasa.

Na yi salati, na yi masa godiya, na tambayi ƙafarsa. Ina shirin ajiyewa ya ce, "Baba, in faɗa maka wani abu?" Na ce faɗi.

"Kullum in ana hirar gida sai ya buɗe wurin hoton nan ya nuna mana. Ya ce, kun ga shuɗin nan biyu? Babana ya gani. Mu ce to ina amsar? Sai ya yi dariya ya ce, ku ba ku san tsohon ba, ni ɗan fari ne, kunyata yake ji."

Ban san abin da na ce masa ba.

Ba kunya ba ce. A nan dai zan faɗa, tunda babu mai karantawa. Fushi ne, da girman kai, da jiran ya zo ya durƙusa ya ce na yi gaskiya. Ya sani sarai, yana tsaye a tsakar gidan lokacin da na faɗi abin da na faɗa. Ya rufa min asiri ne a gaban abokansa.

Na kira ƙanena na ce ya je gidan ya zauna da su kafin in kira.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Falo ya cika tun azahar. Mutanen Kano, mutanen Maraɗi da Damagaram, ɗalibai biyu daga jami'a, har da wani ɗan Gana mai kayan waya. Yalwa ne ke ta dafa shayi yana karɓar mutane, ya raba baƙina ga wasu ba tare da ya tambaye ni ba. Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Amin, amin. Wani ya ce ashe Alhaji yana da ɗa soja, ba mu taɓa ji ba.

Masu kaki biyu sun je gidan yau da safe da takarda. Hanyar da ta dace ke nan.

Hindu ta ce, "Ka tura ɗin?" Na ce na tura. Ta ce, "To, Allah ya karɓa." Na samu jirgin Asabar.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na kira Kanar. Tun kafin in yi magana ya ce ya samu labarin ɗan ɗan'uwan nawa tun ranar Alhamis, ya rasa bakin da zai kira ni da shi. Na ce ba ɗan ɗan'uwana ba ne, ranka ya daɗe, nawa ne. Kuma shi ne a gaban zanenka.



Na ce ba zan iya barinsa a lungunan otal ba, masu jakunkuna suna wucewa ta gabansa. Zan sa a mayar da fuskar yadda Baturen ya bar ta, zan turo goma sha ɗaya. In bai yarda ba in nemo masa wani zanen.

Ya ce, "Alhaji Shitu, irin takardar da aka kai gidanka na sa hannu a kan ta fi arba'in. Ka yi yadda ka ga dama. Allah ya jiƙan sojanmu."

Laraba, 30 ga Afrilu, da rana

Ban je na ga ana shafewa ba. Madam Lam ta turo kalma ɗaya, wayar ta juya ta da "an yi".

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Garin yana hutun ma'aikata, shaguna rabi a rufe. Na roƙi Madam Lam ta buɗe min, ta buɗe, ita kaɗai. Goma sha ɗayan suna jingine sun ba mu baya, an ɗaure su za a kai wa mai firam. Ɗayan yana kan katakon aikinta kusa da taga.

Na nuna mata Mai Ƙeya na ce ina so ta juyo da shi.

Ta ce a zanen asali ba shi da fuska, ba ta san kamanninsa ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta fara cewa *meyo*, sai ta tsaya. Ta sauko da tabarau na biyu. Ta jawo kujerar nan ta ajiye a gefen zanen, ta nuna min.

Ban san inda zan kai shi ba. Hindu ba za ta rataya shi ba, ni ma ba zan ce ta rataya ba. Wataƙila ya zauna a naɗe a saman sif har Maijidda ta gaje shi. Ta ce fentin ba zai bushe kafin gobe ba, sai dai Yalwa ya biyo ni da shi in zai zo. Na ce ba komai.

Ta kankare hular da ƙeyar da wata 'yar wuƙa, ta haɗa fenti, ta gwada kalar a bayan hannuna har sau uku kafin ta yarda. Sai ta kama haɓata ta juya ni kamar wanzami. Ta ce ba ita zan kalla ba, ba taga ba. Mutumin ai soja zai kalla, to in kalli sojan, kuma kada in motsa.

Ta tambayi sunansa don ta rubuta a bayan ƙyallen, kada ya haɗe da kayan wani. Na miƙa hannu zan ɗauki waya in rubuta mata, ta buge hannun ta ce kada in motsa. Sai na faɗa da baki. Ta kasa, na maimaita mata. Munkaila. Sai a na uku ta iya.

Awa ɗaya da kwata ta yi tana aiki. Sau biyu ta tsaya ta miƙo min tsumma mai tsabta, ta jira, ta ci gaba. Tun da aka haife shi ban taɓa kallon fuskarsa tsawon haka ba.